Tambayi Gwaggo Malama: Ɗayan Maraɗi da Bakwai ɗin Katsina

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru mini wannan karon duk a kan lambobi suke, kuma ba lissafin ne ya dami masu su ba, yadda hannu ke zana lambar ne. Na haɗa su wuri guda. Masu tambaya a kan kuɗin makaranta su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Gwaggo Malama, barka da aiki. Bara muka taso daga Maraɗi muka dawo Katsina saboda aikin maigidana. Ɗana mai shekara takwas ya yi aji biyu a lakwal, wato makarantar bokon can, yanzu yana firamare a nan. Kullum littafinsa na lissafi sai ya dawo da jan biro. Ya rubuta 11, malaminsu ya karanta 77 ya soke. Sannan ya ce masa ya daina yi wa bakwai ɗamara, wato ɗan layin da yake gitta mata a tsakiya, wai wannan ba lamba ba ce. Yaron da can ba a gabansa a lissafi, yanzu ya fara cewa shi ba ya so. Wa ke da gaskiya, mushen Maraɗi, wato malaminsa na can, ko malamin Katsina?
Daga wata uwa, Katsina.

AMSA: 'Yata, kwantar da hankalinki, ɗanki bai lalace ba. Mushe bai koya masa ƙarya ba, shi kuma malamin nan ba mugunta ce ta sa ya soke ba, abin da idonsa ya saba gani ya karanta. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewar da ya yi bakwai mai ɗamara ba lamba ba ce. Lamba ce mana! Da ita ake rubutu a Faransa da Jamus da Italiya da Rasha, da ita ake rubutu daga Yamai har Dakar.

Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai nisan Katsina zuwa Kano ba, amma makarantun garuruwan biyu ba gado ɗaya suka ci ba. Mu hannun Ingila muka gada, su na Faransa, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A wajenmu, haka ma a Ingila da Amurka, ɗaya sanda ce kawai, daga sama a zubo ƙasa an gama. Tunda ɗaya ba ta da komai a ka, bakwai ba ta buƙatar wata shaida. A ja kwance, a gangaro, kowa ya gane ta. A tsarin Faransa kuwa ɗaya daga ƙasa-ƙasa take farawa, alƙalami ya hau a karkace har ya taɓa layin sama, sannan ya sauko a miƙe. Wannan ƙugiyar, in yaro ya girma hannunsa ya yi sauri, sai ta riƙa tsawo, wani ma har ta kusa taɓa ƙasa. To ɗaya mai ƙugiya ta yi kama da bakwai, shi ya sa suka ɗaura wa bakwai ɗamara a tsakiya don a raba su. Kin ga ke nan lambobin biyu tare suke tafiya: ɗaya mai ƙugiya da bakwai mai ɗamara gida guda, ɗaya sanda da bakwai tsurarta gida guda. Kowane gida lafiya yake zaune. Rikici sai an gauraya, ko kuma mai rubutu yana wannan gida mai karatu yana wancan, wanda shi ne ya sami ɗanki.

In kina da tsohon kayensa, wato littafin rubutunsa na Maraɗi, ɗauko ki buɗe. Za ki ga shafin cike yake da layuka: layi mai kauri, sai sirara guda uku, sai wani mai kauri. Tsakanin masu kaurin milimita 8 ne, tsakanin siraran milimita 2, ga wasu layukan a tsaye, ga jan layi a gefen hagu. Wani mai sayar da littattafai da kayan rubutu a garin Pontoise na Faransa, Jean-Alexandre Seyès, shi ya yi rajistar wannan zanen a 1892, kuma har yau da shi yara ke koyon rubutu a Faransa da ƙasashen da ta raina. Amfaninsa, komai yana da awo. Ana gaya wa yaro lamba tsawon tazara biyu take hawa, ba ƙari ba ragi, kuma ana nuna masa inda alli zai fara da inda zai tsaya. Ga kuma arduwaz, ɗan allon nan da kowane yaro ke rataye da shi. Na taɓa zama a bayan wani ajin CI, wato aji ɗayansu, a ƙauyen dangin mijina, ina kallo. Mushe ya faɗi lamba, ya buga tebur, yara suka duƙufa. Ya sake bugawa, alluna suka tashi sama gaba ɗaya. Daga inda yake tsaye ya hango wata yarinya a layin baya da ta manta ɗamara, ya nuna ta da baki, ta sauke ta gyara da gefen zanenta. Cikin ɗan lokaci ya duba hannun aji guda ba tare da ya karɓi littafi ko ɗaya ba. Shi ya sa in wasiƙa ta zo miki daga Damagaram, wata daga Tawa, sai ki rantse mutum ɗaya ya rubuta su.

Mu kuwa littafin 2B muke ba yaro, mai gida-gida, mu ce kowace lamba ta shiga gidanta. Wannan yana da nasa amfanin, don yana koya wa yaro jera ɗaiɗai ƙarƙashin ɗaiɗai, gomomi ƙarƙashin gomomi. Amma siffar lambar, abin da malamin ajin ya zana a allo shi ne doka, shi kuma malamin hannun nasa malamin ya ɗauko. Na yi shekaru ina duba littattafan malamai, kuma a makaranta guda sai ki tarar da huɗu iri uku da tara iri biyu. In ana maganar kyan hannu da tsari, gaskiya maƙwabtanmu sun fi mu, ba na jin nauyin faɗa. Mu dai mun fi su sauri.

Don ki san ba ƙaramar magana ba ce, a ƙasar Finland mai zaɓe da hannunsa yake rubuta lambar ɗan takarar da yake so a kan ƙuri'a. An yi shekaru makarantunsu na koyar da bakwai ba ɗamara, sai da aka zo sabon samfurin rubutu na 2016 aka mayar mata da abarta, don a daina rikita ta da ɗaya.

Ga shawarata. Ki je makarantar da tsohon kayen a hannu, ba da faɗa ba. Ki gaida malam, ki nuna masa shafi guda. Malamin kirki yana gani zai gane, don ba a jayayya da rubutu mai tsabta. Shi kuma yaron, ƙugiyar ɗaya ce za a rage masa, tunda a nan duk wanda ya ga wannan ɗayar bakwai zai karanta, daga mai duba jarrabawa har mai kanti. Ɗamarar bakwai kuwa a bar masa kayarsa, ba ta cutar da kowa. Na yi aikin makin jarrabawa, ban taɓa ganin an soke amsa saboda ita ba. Da yamma ki ba shi allo ya rubuta 1, 7, 11, 17, 71, 77, kina faɗa yana rubutawa, kada ya wuce 'yan mintoci. Kuma ki gaya masa a fili cewa wancan hannun ba kuskure ba ne, ya adana shi. Ran da zai rubuta wa kawunsa na Maraɗi lambar waya, da shi zai rubuta, don bakwai tsurarta a can ɗaya za a karanta ta.

TAMBAYA: Hajiya Malama, ni ɗan kasuwa ne, ina harkar wake da mutanen Nijar. Abokin cinikina yakan rubuto mini 1.500 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, wani lokaci kuma 12,5 yana nufin sha biyu da rabi. Yarona na shago ya ce rashin karatu ne. Haka ne?
Daga wani Alhaji, Jibiya.

AMSA: Alhaji, ka ce wa yaron naka ya bi a hankali, mutumin ya yi karatu, karatun ne ba irin nasa ba. A Najeriya da Ghana da Ingila da Amurka, ɗigo ke raba cikakkiyar lamba da gutsure, waƙafi kuma ya raba dubbai: 1,500 da 12.5. A Nijar da Chadi da Faransa da Jamus waƙafi ne ke raba gutsure. Dubbai kuma, a makarantun Faransanci fili ake koya wa yaro ya bari, ya rubuta 1 500, sai dai manya da yawa ɗigo suke sakawa a wurin. Babban taron awo na duniya ma da ya zauna a 2003 bai zaɓi gwani ba: ya ce ɗigo ko waƙafi duk sun halatta wajen gutsure, dubbai kuma a raba su da fili.

Masu zuwa asibiti Indiya su ma su buɗe ido. Can yaro tun yana firamare ake koya masa ya rubuta dubu ɗari a 1,00,000, miliyan goma kuma 1,00,00,000. In ka bi waƙafi za ka ruɗe, ƙirga sifilan kawai.

Kai da ke bakin iyaka ka san akwai wani tarkon da ya fi wannan. Yaron Maraɗi zai ce maka dala ashirin da baki, ya rubuta 100 a takarda, don dala guda sefa biyar ce, kuma ba ya ko tsayawa tunani. Saboda haka duk kuɗin da ya kai a yi rigima a kansa, a rubuta shi da lamba a kuma rubuta shi da kalmomi, a faɗi ko naira ce ko sefa. Abin da cekin banki ke nema ke nan, haka ma takardar sakamakon zaɓe ta rumfa, EC8A, gurbi biyu gare ta. Sinawa sun fi kowa tsoron wannan, domin a rubutunsu na gargajiya ɗaya layi guda ce kwance, biyu layi biyu, uku layi uku, mai son zuciya na iya ƙara layi. Sai suka tanadi wasu haruffa masu wuyar zane musamman don rubuta kuɗi.

Ma'aikatan jinya da masu kemis da ke karanta wannan shafin, ku ma da ku nake: rabin miligiram a rubuta 0.5, kada a bar .5 tsirara. Ɗigo na iya ɓacewa a takarda, sifilin gaba shi ke tsare rai.

TAMBAYA: Gwaggo, 'yata na zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma. Ta fara haɗa lambobin Larabci da na boko, in ta ga ٥ sai ta ce sifili. Sannan na ga wani saƙo a WhatsApp wai Larabawa ne suka ƙirƙiro lambobin boko, kowace lamba da yawan kusurwoyinta. Gaskiya ne?
Daga wani magidanci, Kano.

AMSA: Ɗana, yarinyar nan tana da uzuri. Biyar ɗin Larabci, ٥, zagaye ce kamar sifilinmu. Sifilinsu ɗigo ne. Shidansu, ٦, ita ce bakwai ɗinmu sak. Huɗunsu, ٤, uku ce da ta juya baya. Bakwai da takwas, ٧ da ٨, siffa ɗaya ce, wannan ta buɗe sama waccan ta kife. Ka rubuta ٦٥ ka nuna wa ɗan boko, saba'in zai ce maka, alhali sittin da biyar ce. Ba yara kaɗai ba, alhazai nawa ne suka tsaya suna juya takardar riyal a kasuwar Makka, sai da suka duba bayanta suka ga lambar da suka sani? Abu guda da ke da sauƙi: ko da yake Larabci daga dama ake rubuta shi, lamba babbarta a hagu take zama kamar tamu, ١٩٦٠ ita ce 1960, ba a juya ta.

Waɗannan su ake koya wa yara a Masar da Sudan da Saudiyya. Amma ka je Maroko ko Aljeriya ko Tunisiya, yaro na rubuta Larabci tsantsa, lambobinsa kuwa 1, 2, 3 ne irin na littafin 'yarka. A Iran kuma huɗu da biyar da shidansu sun ɗan sha bamban da na Larabawa.

Asalin duka biyun Indiya ne, su kansu Larabawa lambobin Hindu suke kiran na gabas ɗin. Wajen shekarar 825 al-Khwarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza a kan lissafin mutanen Hindu, daga nan abin ya bazu a ƙasashen Musulmi ya rabu reshe biyu. Reshen gabas shi ne wanda 'yarka ke gani a Islamiyya. Reshen yamma, na Magrib da Andalus, shi ake kira gubari, kuma shi ya tsallaka Turai. Mafi tsufan rubutunsa da aka samu a littafin Turawa na shekarar 976 ne, a arewacin Sifen. Daga baya wani ɗan Italiya, Leonardo na Pisa da aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafin nan yana yaro a Bijaya ta Aljeriya inda mahaifinsa ke aikin kwastan na 'yan kasuwar garinsu, ya rubuta littafinsa a 1202. Saboda haka rabin saƙon gaskiya ne: ta hannun Musulmi lambobin suka isa Turai.

Zancen kusurwoyi kuwa ƙanzon kurege ne. Dubi hoton da ke tare da saƙon da kyau, ka ga irin lanƙwasar da aka yi wa tara da ƙarfin tsiya don kusurwa ta cika tara. Ba wani tsohon littafi da aka ga lambobi da wannan siffar. Na cikin tsofaffin littattafan masu lanƙwasa ne, irin wanda alƙalamin kara ke bayarwa. Kada ka tura wa kowa.

Ita yarinyar, ka raba mata su da suna. In ta ga ٥ ta ce khamsa, in ta ga 5 ta ce biyar. Ka sa ta riƙa nemo maka shafi a Alƙur'ani da lambarsa. Da kanta za ta ware su.

TAMBAYA: Gwaggo Malama, ɗana shekararsa huɗu, yana ajin raino a makarantar kuɗi. Yana rubuta 3 da 7 a juye. An ba shi aikin gida ya rubuta 1 zuwa 200, yana yi yana kuka. Antinsu ta ce in sa masa ido, wai ko ƙwaƙwalwarsa ce.
Daga wata uwa, Kaduna.

AMSA: Ƙwaƙwalwarsa ƙalau, 'yata. Aikin gidan ne ba ƙalau ba.

Tun da aka haifi yaron nan, duniya ke koya masa cewa buta ko ta kalli gabas ko ta kalli yamma buta ce. Rana ɗaya muka ce masa wannan abin in ya kalli hagu uku ne, in ya kalli dama ba komai ba ne. Dole ya ɗauki lokaci. Juya lamba abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai, kuma in kin lura, masu kallon hagu irin su 3 da 7 da 9 su suka fi shan juyi. In ya wuce bakwai zuwa takwas yana yi, ga kuma wahalar karatu, to a nan ne za a nemi masani ya duba shi.

Ingila da muke cewa muna kwaikwayo, manhajarsu sai a aji ɗaya, yaro na da shekara biyar zuwa shida, take neman ya iya zana 0 zuwa 9 daidai ya rubuta lambobi zuwa 100. A Jamus yaro na shiga aji ɗaya da shekara shida, kuma shekarar farko lissafinsa a cikin 20 yake yawo. A Finland sai shekara bakwai. A Sin, da ake yi musu kallon gwanayen lissafi, kafin yaro ya kama fensir ana haɗa masa kowace lamba da abin da ya sani: biyu agwagwa, uku kunne, huɗu tuta, bakwai lauje, sannan ya zana ta cikin ƙaramin gida mai awo, lamba ɗaya a maimaita har ta zauna. Mu kuma mun ɗora wa ɗan shekara huɗu 200. Masu makarantun nan sun san iyaye littafi cike suke son gani, shi ya sa suke cika shi. Ki ba yaron nan duwatsu ki ce ya ɗebo miki sha huɗu, za ki ga inda 200 ɗin ta tsaya.

Ki gaya wa anti, cikin mutunci, cewa zai rubuta 1 zuwa 10 ne kawai. A gida ki share ƙasa ya zana da yatsa, manya-manya, ki sa masa ɗigo inda zai fara. Kada a dake shi, kuma in bahago ne a bar shi da hagunsa.

TAMBAYA: Mama, na gama NCE an ba ni aji ɗaya. A kwaleji ba wanda ya nuna mana daga ina ake fara 5 da 8. Ya ake yi?
Daga wata sabuwar malama, Gusau.

AMSA: Madalla da ke da kika tambaya, 'yata, da yawa sai su yi shiru su koyar da abin da hannunsu ya ga dama. Biyar zane biyu ce: a sauko kaɗan, a yi ciki, sannan a ɗaga fensir a sa mata hula daga hagu zuwa dama. Haka ake koyarwa a Ingila da Faransa da Japan. Yaron da ya fara daga hula ya zarce bai ɗaga ba, in hannunsa ya yi sauri biyar ɗinsa S za ta koma. Takwas zane ɗaya ce, daga sama a yi S, a hau a rufe inda aka fara. Kada ki bari su ɗora ƙwallo kan ƙwallo, ranar jarrabawa ƙwallayen rabuwa suke yi. Sifili daga sama, a zagayo ta hagu, a rufe ta ruf, in ba haka ba shida ce. Huɗu ki zaɓi mai buɗaɗɗen kai, don rufaffiyar a hannun yaro tara take zama.

In kina nuna musu a iska, ki juya musu baya ki ɗaga hannu sama, kada ki fuskance su, don in kin fuskance su a juye za su kwafa. Sannan ki je wurin hedimasta ku zauna da malaman aji ɗaya zuwa uku, ku amince da siffa guda, a zana ta a kwali a manna a kowane aji. Kwali biyu da maka ɗaya sun isa, kuma kada ki jira sai an aiko da su daga ofishin ilimi.